Giyar Zamani

"Ni Zamani, in na gama da motan nan, warin fetur kawai zai shaƙa daga nesa ya je Jos ya dawo. Masu gidan mai na Kafanchan su fara neman wani aiki tun yanzu!"

Haka ya faɗa mana a teburin mai shayi na bakin tasha, yana nuna sama da cokali. Aboki, in ba ka san Zamani ba, kunnuwanka sun ci riba. Dogo ne siriri, aljihun rigarsa cike da birori da bai taɓa rubutu da su ba. Ya taɓa leƙa makarantar koyon sana'a, ya fito tun ba a gama rabon kujeru ba, amma daga ranar ba ya amsa gaisuwa sai an ce masa Injiniya. A bayan idonsa kuwa Injiniya Baki-Ya-Fi-Sifana muke kiransa.

Motar da ake magana wata tsohuwar a-kori-kura ce da ya gada daga kawunsa, yana jigilar citta da doya da ita. Tun da aka cire tallafin mai take cinye masa riba, sai ya shiga waya neman magani, ya kuwa ci karo da wani bidiyo. A tsakanin tayoyin baya akwai wani tulun ƙarfe mai hannu biyu da kanikawa ke kira bak aksil, a cikinsa akwai giya mai haƙora da ke juya tayoyin. In aka sa wadda inji zai juya kaɗan taya ta juya da yawa, mota kan rage shan mai a miƙaƙƙen titi. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Illar kawai ita ce gaskiyar ta faɗa hannun Zamani, wanda ko rabin bidiyon bai kalla ba datarsa ta ƙare.

To, ba fetur kaɗai ke damun mutuminka ba. Akwai Damaris, malamar firamare, wadda ya daɗe yana nema. An kai gaisuwa, saura saka rana, ranar kuwa tana hannun uwarta, Mama Emilia, shugabar Zumuntar Matan cocinsu kuma mai jan waƙarsu. Ita dai tun farko ba ta gamsu da shi ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai ta ce tana addu'a a kai, addu'ar kuma ta ƙi ƙarewa.

Sai ga dama ta samu. Za a yi gasar waƙa ta Zumuntar Mata a Kagoro, Mama Emilia kuwa tun bara take horar da matanta a kan wata sabuwar waƙa da ta tsara da kanta. Zamani ya tsuke riga, ya je ya durƙusa.

"Mama, kar ku ɗauki hayan bas. Ni zan kai ku kyauta. Zan canza giya."

Mama ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Giya? Zamani, kana neman yarinya na, kana shan giya har kana canzawa? Daga burkutu za ka koma wanne?"

"A'a Mama, giyan mota! Na baya."

"Ko na gaba ne, ni ban son shi a gida na."

Da kyar Damaris, tana danne dariya, ta fahimtar da ita. Mama ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To. Ka kai mu lafiya a kan lokaci. In mun dawo, sai mu zauna a kan maganan ranan nan."

Ranar Zamani bai taka ƙasa ba har shagon Alhaji Mijinyawa, mai sayar da tsofaffin kayan mota a bayan kasuwa. Ya tona, ya tona, ya jawo wani bak aksil mai tsatsa da kaji suka mayar wurin kwana.

"Alhaji, wannan na wane mota ne?"

"Wallahi Injiniya, ko mahaifina da ya sayo shi bai sani ba. Amma tunda idonka ya zaɓe shi, ni wane ne?"

Alhaji ya taya shi ɗorawa a baro da hannunsa, har da addu'ar Allah ya sa kar ya dawo. Zamani ya ɗauka addu'ar fatan alheri ce, ya amsa da amin.

A harabar coci yake ajiye motar, domin lungun gidansu ko baro sai an karkata. Nan ya ɗaga ta a kan bulo, ya cire nata ya tura sabon. Ƙarfe ya ƙi zama a kan sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota. Ya buga da guduma, ya zagi wanda ya ƙera shi har da kakanninsa, abu ya ce bai san zance ba. Can sai basira ta sauko masa. Ya kifa shi, sama ta koma ƙasa, hagu ta koma dama, sai ga shi ya zauna daram. Zamani ya fito daga ƙarƙashin mota da baƙin mai har a kunne yana rawa.

"Kun gani? Shekara da shekaru Turawa suna ɗaura abin nan a juye! Sai da aka zo Kafanchan aka gano."

Muka ce to ya ɗan zaga da ita mana a gwada.

"Gwaji? Ai gwaji shi ne ɓarnan mai na farko. Kalkuleshan na ya riga ya gwada shi."

Ranar Asabar da safe mata suka hallara cikin ankon zaninsu, da ganguna da caki da tulun kiɗa. Suka cika bayan mota maƙil, Mama Emilia ta hakimce a kan kujerar roba a can ƙarshe, ta ce gaba zafi. Damaris ta shiga gaba. Aka yi addu'a, aka ce amin. Zamani ya leƙo ta taga.

"Iyaye na, ku riƙe ɗankwali da kyau! Teknoloji zai tashi!"

Ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle ta yi baya. A bayanta kuwa akwai mangwaron da aka rataye ƙararrawar coci, wato tsohon ƙarfen tayar babbar mota. Ƙwarrr! Har tsofaffin unguwa suka fara neman takalmi, sun zaci an kira sujadar gaggawa.

"Yesu na! Zamani, Kagoro yana gaba ne!" in ji Mama.

"Kar ku damu Mama, sabon giya ne, yana neman wurin zama."

"Na faɗa maku," in ji wata tsohuwa mai rungume da tulu, "motan ya sha giyan nan ya bugu."

Ya sa ta biyu, ta ƙara tura mangwaro har ɗanyu suka zubo wa mata a kai. Gumi ya karyo masa. Ya jefa ta a ribas don ya ga ƙarshen rashin kunya, sai ga mota ta miƙa gaba salin-alin. Ka gane abin da ya faru, aboki? Kifa ƙarfen nan da ya yi ya juya komai. Yanzu Injiniya yana da giya biyar na komawa baya, da guda ɗaya tak ta zuwa gaba.

Mai hankali da nan zai sauka ya nemo bas. Zamani kuwa gyara zama ya yi ya ce, "Daidai! Haka na tsara shi."

Suka hau titi a ribas. In ka san ribas ka san ba giyar tafiya ba ce. Inji na kururuwa kamar injin niƙa, mota na rarrafe, ga wata ƙarar gargaɗi da ya taɓa ɗaura wa ribas don burga tana ta ƙiii, ƙiii, ba hutawa. Masu acaɓa suka wuce suna fito. Wata mata da itace a ka ta wuce su, ta gaishe da Mama, ta tsaya ta sayi gishiri, ta sake wuce su. Allurar mai kuwa ƙasa take yi ana kallo.

"Zamani," in ji Damaris a hankali, "abeg ka tsaya mu nemi bas. Za a fara ba mu."

"Bas? A gaban Mama? Ai gara in mutu. Ina da wani kalkuleshan."

Kalkuleshan ɗin shi ne ya juya motar a tsakiyar titi, gindinta ya fuskanci Kagoro, hancinta ya kalli Kafanchan. Ya leƙo da kai ta taga, ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Sai ga Zumuntar Mata ta zama gaban mota, Mama Emilia a kan kujerar roba ita ce fitila.

Ni da na biyo su a kan mashin, wallahi dariya ta so kayar da ni, amma tsoro ya fi yawa. Motar na tangaɗi daga wannan gefe zuwa wancan, mata na ihu iya ƙarfinsu.

"Hagu! Hagu! Akwai akuya!"

"Hagun ku ko hagu na, Mama?"

"Hagun Ubangiji! Ka kauce kawai!"

A shingen 'yan banga, wanda ke tsaye ya ɗaga sanda, ya sauke, ya sosa ƙeya. "Oga, tsakani da Allah, zuwa kuke yi ko dawowa?"

"Sabon tsari ne," in ji Zamani, wuyansa a murɗe. "Nan gaba kowa haka zai yi."

Suka kama hawan da ke kusa da Kagoro. Nan ne rabin bidiyon da bai kalla ba ya zo karɓar haƙƙinsa, domin giyar da ke rage shan mai a miƙaƙƙen titi ba ta da ƙarfin hawa, balle da kayan mata cike. Motar ta yi nishi, kuloci ya fara warin ƙonannen gashi, ta yi tari, ta mutu. Mai ya ƙare ƙaf. Kafin ya lalubo birki ta fara gangarawa, hanci gaba, tiryan-tiryan zuwa Kafanchan, karo na farko a ranar da ta yi tafiya irin ta mutunci. Wani kududdufi a gefen hanya ne ya yi mata birki.

Ba wanda ya ji rauni, sai tulun kiɗa da ya rabu biyu. Mata suka sauko, suka ɗaura ganguna a ka, suka ƙarasa da ƙafa. Sun isa ana shirin rufe taro, alƙalai suka tausaya suka ce su hau. Mama Emilia ta tsaya a gaba, zani duk taɓo, ta buɗe baki ta ja waƙar da ta shekara tana reno. Ba abin da ya fito sai iska. Ihun hanya ya cinye muryar kaf, ita da matanta duka. Na ga hawaye a idon matar nan, kuma a nan dariyata ta tsaya, na ji kamar in koma kududdufin in shaƙe Zamani.

Kai ka ce kunya za ta ɓoye shi mako guda? Washegari Lahadi ana tashi daga sujada, sai ga shi a harabar coci da sababbin birori, wuya a karkace ya ƙi miƙewa. Ya ratsa jama'a ya durƙusa gaban Mama, a tsakiyar matan Zumunta.

"Mama, sannu da gajiya. Ƙaramin gyara ne ya rage. Na ce bari in tuna maku maganan ranan mu da Damaris."

Mama ta yi masa murmushi, ta yafito shi kusa domin muryar ba ta dawo ba.

"Mun zauna a kai jiya, ɗa na," ta ce da raɗa. "Mun saka maganan a giya na biyar."

Zamani ya miƙe ya washe baki, yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Na biyar! Wato da gudu ke nan, Mama?"

"Da gudu sosai," in ji Damaris daga bayan uwarta. "A motan ka."