Rasuwar Dattijo, Injin Niƙan da Moro Ya Shayar da Man Suya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, ni Salimatu mai niƙa ta unguwar Maamobi nake sanar da jama'a rasuwar injin niƙana, Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, da masarar mutane a bakinsa.

Marigayi bai san ƙyuya ba. Masarar koko, dawar tuwo, waken ƙosai, duk ya niƙa, bai taɓa tambayar ƙabilar mai kwano ba. In ya fara "tuk-tuk-tuk" da asuba, har unguwar Nima an san gari ya waye. Abincinsa ɗaya ne a duniya, man dizal, kuma a wannan shekara ta 1983 da ko sabulu sai an bi layi, dizal ya yi ɓatan dabo.

Ina can layin gidan mai da galan a hannu, ƙanena Moro ya shiga shagona. Don yana share wani shagon kayan mota a kasuwar Abossey Okai, Moro gani yake shi injiniya ne. Wai ya ji an ce irin wannan inji yana tashi da man gyaɗa. Mai kyau ya fi ƙarfinsa, sai ya bi mata masu suya ya tattaro ragowar man da aka soya kifi da ƙosai, baƙi ƙirin. Ko tacewa bai yi ba, ya ɗura wa bawan Allah.

Dattijo, da yake mai kunya ne, ya karɓa ya yi aiki. Unguwa ta ɗauki ƙamshin kifi, kuliyoyi suka cika ƙofa, Moro yana tsaye yana karɓar yabo. Daga nan sai tari, "kof, kof". Kalmarsa ta ƙarshe "fiiish" ce. Da bakanike ya buɗe cikinsa, ƙayar kifi ya ciro da ƙonanniyar albasa. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo ba ni haƙuri.

Marigayi ya bar ni, da marayu huɗu da shi ke ciyar da su, da tsohon bel ɗinsa, da matan unguwa waɗanda yanzu ke wuce ƙofata da kwano a ka zuwa injin unguwar Alajo, suna gaishe ni a kaikaice. In ƙafarsu ta saba da can, tukunyarmu ta sauka ke nan.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Za a ɗora gawar a amalanke zuwa wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Moro ne zai tura, ba a yarda kowa ya kama masa ba.

Zaman makoki a shagona ne. Kowace mace ta zo da masararta kamar kullum. Na sayi turmi da taɓarya, kuma daga asubar Asabar Moro zai gaji marigayi, har ranar da ya kawo mini wani injin. Wadda garinta bai yi laushi ba, ta mayar masa ya sake.