Taron Alhamis na Yallaɓai Ƙaramin-Abu

Duk faɗin unguwar nan babu mutum irin Yallaɓai Ƙaramin-Abu. Mu muka raɗa masa sunan, don kowace buƙata aka kai masa, amsarsa ɗaya ce: “Ƙaramin abu ne.” Mu ne kuma ’yan amshin shatansa. Ko tari ya yi, sai mu ce wallahi ya faɗi gaskiya.

Mutum ne mai yawan taro. Litinin da Alhamis sai ya zuba babbar riga ya fita, ya dawo a galabaice, mu ce kai, manya na shan wahala. Ashe da inji ake taron, a ɗakin wankin ƙoda. Ƙodojin Yallaɓai sun daɗe da ajiye aiki, shi kuwa injin bai san girma ba. Sai an biya kafin nas ta soka allura.

Inji ya cinye mota, Yallaɓai ya ce tafiyar ƙasa na motsa jini. Muka yaba. Ya cinye fili da ’yan kunnen matarsa. Da ya kai ga kujerun falo, Yallaɓai ya ce tabarma ta fi wa baya lafiya, wasunmu har suka fitar da nasu kujerun. Daga baya aka soke taron Litinin, wai ayyuka sun yi yawa. Ya rage Alhamis kaɗai ke riƙe da ransa.

Ana haka sai telan bakin layi ya kwanta, likita ya ce sai wankin ƙoda. Muka yi karo-karo, kuɗin bai kai ko’ina ba, muka ɗunguma gidan Yallaɓai.

Muka faɗa masa buƙatarmu. Gaskiya ta zo masa har bakin leɓe, amma da ya ga yadda muka zuba masa ido, sai ya gyara zaman hula.

“Wankin ƙoda? Ƙaramin abu ne! Ni fa ban iya ganin talaka cikin wahala ba. Maman yara, miƙo ambulan ɗin kuɗin nan.”

Daga bayan labule matar ta ce a hankali, “Maigida, na Alhamis ne fa.”

“Taro ya jira!” in ji Yallaɓai.

Muka yi ta tafi har tafin hannu ya yi zafi.

Ranar Alhamis ya tashi ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, tsoro fal cikinsa. Ya ja jiki zuwa asibiti ko za a yi masa lamuni. Nas ta girgiza kai. Da ya leƙa ciki, sai ga tela a kan gadon da ya saba kwanciya, mu kuma mun kewaye shi.

“Allah sarki, Yallaɓai!” in ji tela, har da ƙwalla. “Ka biya, kuma ka taso dubiya da kanka?”

Muka yi maza muka matsa masa wuri a bencin ’yan dubiya. Ya zauna yana haki, takalmansa a hannu don ƙafar ta ƙi shiga.

Mu kuwa muka zunguri juna: ku ga tawali’u, babban mutum har da cire takalmi.