Bugun zuciyar Kaka

Da korona ta rufe lakwal ɗinmu, makarantar aikin jinya, na koma ƙauyenmu Dogarawa ina karatu ta waya, tsoron jarrabawa ya hana ni sukuni. Malam ya turo bidiyon auna bugun zuciya. Kallo ɗaya na ce na iya.

Na kama hannun Kaka, na danna babban yatsana. Zuciya na sukuwa! Na tara gida, muka aza ta bisa amalanken jaki sai gidan likita, tana cewa, "Maigida, ko hurata ban shanye ba."

Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ta ya ce lafiyarta lau. Ashe babban yatsa ma bugawa yake. Tawa zuciyar nake ji.

Har yau in na shigo sai Kaka ta ce, "Ku ɗaura jaki, maras lafiya ya iso."