Gaisuwar da Na Kai wa Sarkin Rasha

Da na ziyarci ɗiyata Hadiza, mai karatun likita a Rasha, ta zaga da ni majami'u masu ƙubbar zinariya, sannan muka nufi tsohuwar fadar sarakunansu. Na ƙudura nuna musu ladabin Damagaram, domin tun ƙuruciya ba a taɓa gyara mini zama a gaban sarki ba.

A ƙofar fada na hango wani dogon mutum cikin alkyabba ja, jama'a kewaye da shi. Nan take na tuɓe takalma a kan ƙanƙara, na durƙusa, na jinjina: "Allah ya ja zamanin sarki!" Na bi da addu'a cikin Larabci, ban karya wasali ko ɗaya ba.

Hadiza ta sunkuyo. "Baba, don Allah tashi. Sun fi shekara ɗari ba su da sarki. Wannan shiga ya yi don baƙi su ɗauki hoto."

Har yau, in na fito a Zango, maƙwabcina Malam Yohanna sai ya cire hula: "Wazirin Rasha, yaya mai martaba?" Nakan ce yana lafiya, kuma bai sake samun gaisuwa irin tawa ba.