Rasuwar Butar da Ke Sallamar Taro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Inayat Bhatti, mai shayin wani ofishin masu rubuta manhaja a Lahore, ke sanar da rasuwar abokiyar zamansa, butar shayi mai fito, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi.

Marigayiya ta kama aiki ne bisa yarjejeniya. A lokacin, taron safe da ake yi a tsaye, kowa ya faɗi aikinsa na jiya da na yau da abin da ya tare masa hanya, ya koma wa'azi har ƙafafu na sagewa. Shugabar ma'aikata, Mehwish, ta ce, "Baba, yaya za mu yi da bakin Tabish, ma'aikacin nan da ba ya gajiya da surutu?"

"'Yata, ku dawo da taron gaban murhuna. In na ɗora buta ku fara, in ta yi fito ku watse. Sharaɗina ɗaya, kowa ya tsaya ya sha shayina."

Aka shirya a haka. Daga ranar butar ce ke sallamar taro.

Ba ta duba girman kowa. Mai kamfani ma ta sha katse shi a tsakiyar magana: fiiiii! Tana da tausayi kuma, don duk ranar da aka taso wani a gaba da tambayoyi, sai ta tafasa da wuri.

"Baba, yau rage ruwa ka yi!" in ji Tabish.

"Gas ne ya yi ƙarfi, sarkin surutu. Kai ƙara wajen gwamnati."

Ciwonta ya soma ne da aka mayar da taron yamma, wai sai lokacin masu ba da kwangila na ƙasar waje ke farkawa. Daga nan aka ce kowa ya yi daga gida ta waya. Ƙarshe aka ce a rubuta kawai, ya fi sauri. Baba bai musa ba, amma bai fasa ɗora ta kowace safiya ba.

Ranar Talata ya ɗora ta, sai ya ji tsayuwar babur irin na Tabish. Ya sauka bakin ƙofa ya tsaya dube-dube. Ta yi ta kira a ofis ba kowa, har muryarta ta dushe, ruwa ya ƙone, gindinta ya huje. Babur ɗin na maƙwabta ne.

Ta bar murhu, da kofuna masu yawa, da Baba.

Za a miƙa ta ga mai sayen tsofaffin ƙarafa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ana karɓar gaisuwa a ofis, a tsaye, ban da ta waya. Wanda ya zo ya yi magana iya son ransa, har da Tabish, yanzu babu mai katse shi.

Kamfani ya samu lokacinsa, mai ƙarafa zai samu ƙarfe. Baba kuwa ya aro tukunya marar murya, ya wanke kofunan duka, ya jera.