Tagwayen Fitilun Motata Sun Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni mai gyaran ƙarfen sabis ɗin waya nake sanar da ’yan uwa da abokan arziki, da duk direban da muka taɓa ba juna hanya, rasuwar fitilu biyu na ƙari da ke gaban motata. Sun rasu tare kamar yadda suka zo tare, ranar Laraba da magariba, ana tafka ruwa, a kwanar ƙarshe kafin a hau dutsen da nake zuwa aiki. Ba su bar wasiyya ba.

Ga wanda bai san marigayan ba, zagayayyu ne, kowace ta kai faɗin farantin cin abinci, masu baƙin jiki da gilashi mai kauri. Mazauninsu ƙarfen da ke gaban motata, tsohuwar jif mai jan taya huɗu. Tagwaye ne amma ba sa kama da juna. Ta dama sunanta Mashi, ta hagu Tabarma.

An same su ne a shekarar da mahaifiyar ’ya’yana ta rasu. Gida ya yi mini faɗi, sai na roƙi ofishinmu a ba ni ƙarafan da ke can bisa duwatsu, waɗanda kowa ke gudu saboda nisa da munin hanya. Ina fita gari bai waye ba, in dawo duhu ya shiga. Fitilun da motar ta zo da su na cikin gari ne, a hanyar dutse kuwa kamar a haska rijiya da ashana. Wata rana na dawo da gefen motar a lotse. Auta, ’yata, wadda a lokacin take aikin jinya kuma mu biyu kaɗai muka rage a gidan, ta zagaya motar tana duba inda ya lotse. Da Asabar ta zo sai na fito na tarar da ita a kujerar direba, ta riga ta tayar da mota. Ita ta kai ni kasuwar kayan gyaran mota, ina zaune a gefe kamar baƙo.

Mai shagon ya baje mana hajarsa. Akwai dogaye irin na zamani, jere da ƙananan idanu masu fari kamar walƙiya, akwai masu kusurwa huɗu, akwai zagayayyu masu ƙwai a ciki. Ya so ƙwarai ya liƙa mana doguwar. Na ce masa ni mutumin daji ne, in waccan ta mutu a hanya ta mutu ke nan, mai ƙwai kuwa da sukudireba ɗaya zan tashe ta. A nan bakinmu ya zo ɗaya da Auta. Inda muka raba hanya shi ne irin hasken. Ni ina son guda biyu masu tsinin haske, waɗanda ke harbawa can nesa. Ita tana son masu baza haske dama da hagu.

“Baba,” in ji ta, “duk waɗanda ake kawo mana asibiti, ban taɓa jin wanda ya ce abin daga nesa ya taho ba. Kowa cewa yake daga gefe ya fito.”

Muka yi ta ja-in-ja har mai shagon ya gaji da tsayuwa ya jawo mana benci. A ƙarshe kowa ya ɗauki tasa, ɗaya mai tsini ɗaya mai faɗi, mai shagon yana cewa bai taɓa ɗaura irin wannan aure ba. Auta ce ta raɗa musu suna a hanyarmu ta komawa, suna kwance a cinyata cikin kwali.

Wanda ya karɓi haihuwarsu shi ne Mai Wayarin, wanda garejinsa ke bayan gidan mai. Ya huda ƙarfen gaba ya ɗaura musu ƙafafu, ya sa roba a ƙarƙashi don kada gargada ta kaɗa su. Ya jawo waya mai kauri daga batir, ya ratsa da ita ta fiyus, ya kai ta wani ɗan baƙin akwati da ya ce shi zai riƙa ɗaukar nauyin wutar don kada makunni ya ƙone. Makunnin ya dasa shi daidai gwiwata ta hagu. Ya kuma haɗa su ta yadda ba za su farka ba sai an ɗaga babbar fitila, domin a cewarsa fitila marar tarbiyya ta fi rashin fitila haɗari. Saitin haske kuwa mu muka yi abinmu a gida. Da rana ta faɗi muka fuskantar da motar ga katanga, Auta ta ja layi da alli, ni ina durƙushe da sifana. Sannan ta koma bakin ƙofar gida ta tsaya a matsayin direban da ke tahowa, ta kare fuska da hannu tana cewa in ƙara sunkuyar da Mashi, zai tsiyaye mata ido. Tun bayan rasuwar mahaifiyarta ba a yi dariya a tsakar gidan nan ba sai wannan rana.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayan ya shaide su da kawaici. Maganarsu ba ta wuce uku ba. In na taɓa makunni, sai a ji “ƙas” sau ɗaya, duniya ta buɗe. In ruwan sama ya sauka a kan gilashinsu mai zafi, sai su ce “tsss”, kamar mai hana yaro surutu. In kuwa na iso gida na kashe su, sai su yi ta “tak, tak”, a hankali, suna hucewa. Bayan Auta ta yi aure mijinta ya tafi da ita ƙasar waje, na koyi zama a cikin mota ina sauraren wannan “tak, tak” har ta ƙare kafin in buɗe ƙofar falo. Ko ba komai, an yi mini sannu da zuwa.

Ba su taɓa kashe wa wani ido ba, don ina sunkuyar da su tun daga nesa. Mashi ya taɓa hango mini gadar da ruwa ya cinye rabinta. Tabarma kuwa alherinta ba ya lissafuwa: saniyar da ta kwanta a bakin hanya, mai keke marar fitila, gaɓar kwazazzabo da ta zaizaye. Ba ta taɓa yi mini gori ba cewa ni ne ban so a saye ta ba.

Babban amininsu a waje shi ne Maigadi, tsohon da ke tsaron ƙarfe mafi nisa, wanda ke zaune shi kaɗai a ɗan ɗaki kusa da janareto. Daga can sama yana ganin kwarin gaba ɗaya. Ya ce da ya hango haske biyu da ba su yi daidai ba, ɗaya dogo ɗaya mai faɗi, sai ya ɗora buta a wuta. Kafin in gama hawa shayi ya yi. Ba mu cika hira ba. In na gama aiki mukan zauna a kan dakalin siminti, kowa da kofinsa, janareto na yi mana surutun. Ya taɓa gaya mini cewa akan yi mako bai ga fuskar kowa ba sai ta waɗannan biyun.

Rashin lafiyarsu ta fara ne a hankali, daga Tabarma. Na lura gefen hanya yana yin duhu, kamar ana naɗe ta daga baki. Na kai wa Mai Wayarin, ya sake ƙwai. Na koma, ya sake ɗan baƙin akwatin, ya kankare bakin wayoyi, ya goge gilashi har yana ɗaukar ido. Zuwana na gaba ya kunna su a cikin garejin, duk wanda ke wurin ya kau da kai saboda ƙarfin hasken. Ya ce mini lafiyarsu ƙalau, yadda ya ɗaura su haka suke. Na ce masa hannunsa ne ya tsufa, na ɗauki motata na kai wa wani, wanda ya zare wayoyin duka ya sa sababbi. Duhun bai fasa matsowa ba, har ya fara taɓa Mashi.

Na gaya wa Auta a waya cewa Tabarma ba ta jin daɗi. Ta yi dariya ta ce in gaishe ta da jiki. Sai ta tambaye ni yaushe rabon da a duba mini ido. Na ce mata ba na jin ta sosai, sabis ba kyau. Ni da nake gyara wa gari sabis.

Ranar da ajali ya yi kira, an bugo daga ofis cewa ƙarfen Maigadi ya ɗauke. Na kama hanya rana na shirin faɗuwa, hadari ya haɗu, kafin in kai kwari ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba gudu nake yi ba, wannan kam ina da shaida. A kwanar ƙarshe wata bishiya ta faɗo daga hagu ta tare fiye da rabin hanya. Ban san da ita ba sai da na ji ƙarar. Reshe ɗaya ya shiga idon Tabarma, kututturen ya murƙushe Mashi a jikin ƙarfen gaba, fitilun motar ma suka bi su. Ni leɓe kawai na fasa. Na kashe injin na zauna a cikin duhu, ruwa na dukan rufi, ina jira ko zan ji “tak, tak”. Ban ji ba.

Can sai ga ’yar tocila tana gangarowa daga dutse. Maigadi ne, ya rufa buhu a ka, ya jiƙe sharkaf. Ya haska gaban motar, ya haska bishiyar, ya daɗe kafin ya haska ni.

“Injiniya,” ya ce, “ni fa tun daga can sama na ga bishiyar nan a cikin haskenku. Ta fito tar. Ina ta jira in ga kun taka birki.”

Likitan ido ya kira abin hawan jinin ido. Ya ce yana ci ne daga gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, abin da ya ci kuma ya ci ke nan. Ya ba ni maganin ɗigawa don a tsare ɗan abin da ya rage a tsakiya, ya ce tuƙi kuwa mu yi sallama. Ofis ya miƙa duwatsun ga wani sabon ma’aikaci mai sabuwar mota, ni kuma aka sallame ni da kyautar agogon bango.

Saboda haka iyalan marigayan suna so jama’a su sani cewa ba jinya ce ta kashe su ba. Da lafiyarsu suka tafi, suna kan aiki, suna haska abin da aka ce su haska. Duk wanda ya ji ana cewa sun dushe, ya taimaka ya gyara zancen. Na je na faɗa wa Mai Wayarin haka da bakina. Bai ce komai ba game da tsufan hannu. Ya goge kujera da tsumma ya ce in zauna, ya ci gaba da aikinsa ina kallo har la’asar.

Marigayan sun rasu sun bar motar da ta goya su, wadda aka jawo gida take tsaye a rumfa. Sun bar makunni, wanda har yanzu in an taɓa shi yana amsawa da “ƙas”, sai dai ba abin da ke biyo baya. Sun bar ƙwayaye biyu sababbi a aljihun gaban mota, naɗe cikin safa, ba a taɓa kunna su ba. Sun bar Maigadi, wanda ya aiko mini cewa fitilun sabon ma’aikacin farare ne iri ɗaya, kuma mai su ba ya shan shayi. Sun bar Auta, wadda da na gaya mata maganar likita ba ta ce ai ta faɗa ba. Cewa ta yi akwai ɗaki a wurinta, taga tana kallon gabas, in sayar da motar da gidan in taho. Ba za ta samu hutun zuwa ba sai ƙarshen shekara. Na ce mata ina tunani, kuma da gaske tunanin nake yi, safe da yamma. Sun kuma bar ni.

Za a yi jana’izarsu ranar Asabar da hantsi a gidana, tunda motar ba ta fita. Mai Wayarin, wanda ya ɗaura su, shi zai sauke su. Ba za a ba masu sayen tsohon ƙarfe ba, kada ma su wahalar da kansu. Za a naɗe su a tsohon bargo a ajiye a saman kabad ɗin ɗakin Auta.

Zaman karɓar gaisuwa ba shi da ranar tashi. Ina gida kullum, ƙofa a buɗe take, ba sai an bugo waya ba. Kada kowa ya zo da komai, akwai ganyen shayi da sukari, kujeru ma sun fi mutanen gidan yawa. Ana dai roƙon masu zuwa su zo da rana. Wanda ya shigo ya yi sallama da ɗan ƙarfi, ya jawo kujera ya zauna a gabana sosai. In ya zauna a gefena ya ga ban kula shi ba, ya yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Ya taɓa mini kafaɗa, zan juyo.