Rasuwar 'Yar Shuɗiya, Wayar Ɗangana Dillalin Awaki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun gaba wanda ya wayi gari fayau, Malam Ɗangana dillalin awaki na Gidan Rumji yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya kira shi kwanan nan bai samu ba, rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Shuɗiya. Ta rasu ranar Talata da hantsi a rumfar Bashir mai gyaran waya, bayan doguwar jinya ta kumburin ciki.

Marigayiya mai haƙuri ce, wannan kowa ya shaida. Ta taɓa faɗawa cikin kwanon ruwan dusa, aka tsamo ta aka shanya a kan danga, kafin la'asar ta ci gaba da aikinta ba ko ƙorafi. Bunsuru ya tauna mata kusurwar riga. An hau rumbu da ita a Cadakori neman rezo, wato sabis na kira, aka sauko da ita ba ta hanyar da aka hau ba. Duk da haka ba ta taɓa fasa tayar da maigidanta sallar asuba ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da Ɗangana a kasuwa ya san muryarta: "Tirrin-tirrin!" in kira ne, "Kwal!" in saƙo ne. Wannan "kwal" ɗin, ko a tsakiyar ciniki ya faɗo, sai dillali ya saki kunnen akuya.

Akwai wani alherin nata da maigidan bai so a sa cikin sanarwa ba, amma iyali sun rinjaye shi. Ɗangana yana da 'yar fari, Hafsat, tana aure can Arlit. Shi kuwa mutumin da ne wajen kunyar ɗan fari: tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "waccan ta arewa", kuma in ta kira yakan miƙa wa uwarta Lantana wayar yana kallon sama. To amma saƙonnin murya da Hafsat ke aiko wa uwar, a cikin 'Yar Shuɗiya suke sauka. Sai a ga Ɗangana ya miƙe ya ce zai duba awaki, ya zagaya bayan garke, ya manna waya a kunne yana murmushi shi kaɗai. Marigayiya ba ta taɓa tona shi ba. Gidan ne dai duk suka sani, har Lantana tana cewa ba ta taɓa ganin awakin da ake dubawa kamar nasu ba.

Ciwon ya fara ne a hankali. Wata safiya ya zo ɗaukar hoton wata jar akuya zai tura wa mai saye, sai waya ta ce babu wuri. Ya cire mata riga ko za ta samu sarari. Ya hura mata iska ta wajen caji. Ya auna ta a tafin hannu, ya rantse ta ƙara nauyi. Da abin ya ƙi, ya kai ta wurin Bashir, wanda ya shiga cikinta ya nuna masa wani dogon layi mai launi-launi: nan hotuna, nan muryoyi, sannan wani katon toka-toka da ya kwashe fiye da rabin layin.

"Wanga hwa, wane ne?" in ji Ɗangana.

"Sistem ke nan, Baba. Kayan cikinta ne, da su take aiki."

"Ni ban sa shi ba. Hid da shi."

"Ba ya hita, Baba. Sai dai a rage mai shara."

Bashir ya share abin da zai sharu, ya kashe ta ya kunna, ya ƙara mata memwar, ɗan katin nan na ƙarin wuri. Ta ɗan farfaɗo, har aka fara yi wa Ɗangana barka. Kafin kasuwa ta zagayo Sistem ya miƙe ƙafa ya cinye wurin da aka samar, kamar baƙon da aka ba tabarma ya wayi gari a kan gadon maigida. Daga nan aka shiga yanka masa. Aka ba shi bidiyoyin kokawa, ya lashe. Aka ba shi waƙoƙin biki, ya lashe. Aka bi hotunan awaki garke-garke, waɗanda aka sayar da waɗanda aka yanka tun layyar bara waccan, Ɗangana yana sharewa yana kiran kowace da sunanta. Sistem bai ce an gode ba.

Bashir ya ce maganin yana nan a fili. Cikin wayar maƙil yake da gaisuwar Juma'a, irin hotunan nan masu furanni da addu'a da dangi ke turowa kowane mako, shekara da shekaru, ba a taɓa share ko ɗaya ba. Ɗangana ya yarda zai gwada. Ya danna guda, sai ga ɗan hoton kwandon shara ya fito yana jira. Ya janye yatsa kamar ya taɓa garwashi.

"Ni in jefa sunan Allah cikin kwandon shara? Ba da wanga yatsa ba!"

An kai maganar har gaban liman, ya ce babu laifi, wannan ba takarda ba ce kuma ba tawada ba ce. Ɗangana ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya fito. A bakin ƙofa ya tambayi Bashir, in ba shara ba ce, don me suka zana kwando.

Ana cikin wannan hali Allah ya sauki Hafsat lafiya, aka samu mace, jikar Ɗangana ta farko. Ba ta jira an roƙe ta ba, don ta san ubanta ba zai roƙa ba, ta turo hoton jaririya. Marigayiya ta yi "kwal" da 'yar muryar da ta rage mata, Ɗangana ya ce zai duba awaki. A bayan garke ya tarar da hoton dishi-dishi, ba a gane komai sai wani abu ja a naɗe cikin fari, da ɗan zobe a tsakiya yana juyawa. Ya danna, ta ce babu wuri. Ya share hoton babur ɗinsa. Ya share hotonsa na Idi, wanda babbar riga ta zauna masa. Daga ƙarshe, da hawaye, ya share hoton bunsurun da ya fi ƙauna a duk dillancinsa. Zobe ya taso, ya wuce rabi, ya kusa haɗewa, har Ɗangana ya fara gyara hula don ganawa da amaryarsa. A daidai nan Sistem ya sanar cewa zai sabunta kansa.

Ta ɗauke. Ta buɗe ido ta nuna sunanta, ta sake ɗaukewa, ta sake nunawa, haka ta yi ta yi har aka isa rumfar Bashir da ita a guje. Bashir ya ce saura magani ɗaya, a wanke ta tas, komai da komai ya tafi, da gaisuwar Juma'a da muryoyin Arlit. Ɗangana ya miƙa hannu ya karɓi abarsa. A tafinsa ta yi ɗumi, ta yi wata 'yar girgiza, "zzz", shi ke nan.

Ta bar caja ɗaya mai ɗaure da roba a wuya, wadda ba ta aiki sai an jingina ta da dutse, da riga mai tabon haƙorin bunsuru, da abin sauraro mai kunne guda. Ta bar layin kira, wato sim, yana nan a ƙulle cikin leda a bakin hular maigidan. Ta kuma bar Ɗangana, wanda shi kaɗai ne a unguwar bai ga jikarsa ba. Hoton ya isa wayar Jummai ƙanwar Lantana, daga nan ya zaga gari. Mai shayi ya gani, masu awon gero sun gani, kowa ya tare shi sai ya ce hancin nasa ne sak. Jummai ta taɓa miƙo masa wayarta a gaban mutane, ya kau da kai ya ce shi ina ruwansa da 'ya'yan arewa. Ranar bai ci tuwo ba.

Game da jana'iza: tun da marigayiya ta tafi da sunayen Allah cike da ciki, ba za a jefar da ita a juji ba, kuma ana roƙon Bashir ya daina aiko maganar sayen gilashinta. Za a naɗe ta a farin ƙyalle mai tsabta a binne ta ƙarƙashin gawon da ke gonar Ɗangana, kan hanyar Cadakori, ranar Alhamis bayan la'asar. Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce kada wasan ya kai nan. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, Lantana za ta dama fura, kowa ya zo da ludayinsa.

Masu zuwa ta'aziyya kada su kashe wayoyinsu, kuma su zo da su da caji. Mai makoki ba zai tambayi kowa komai ba, kada ma a miƙa masa. Zai dai zauna a ƙarshen tabarma, ta wajen garke. Wanda Allah ya sa yana da hoton wata jaririya ta arewa, yana iya buɗe shi, ya manta wayar a nan gefensa, ya tafi alwala. Ana roƙon ya yi alwalar a natse, kada ya yi sauri.